Firjin Gas ko na Lantarki: Wanne ya Dace da Ɗakin Shan Magani na Karkara?

A ƙasar Amurka, masu motocin yawon buɗe ido waɗanda ake kwana a cikinsu sukan yi gardama a kan ko firjin motar ya fi kyau a kunna shi da iskar gas ko da lantarki. A can, gardamar ba ta wuce sanyin madara da nama ba. A arewacin Jihar Jigawa kuwa, wato ƙasashen Gumel da Maigatari da Gagarawa da Sule Tankarkar, wannan tambaya ta shafi rayukan yara, domin irin wannan firji ne aka daɗe ana adana magungunan rigakafi a cikinsa a ƙauyukan da babu wutar lantarki.

Abin mamaki ne a ce harshen wuta yana haifar da sanyi, amma haka abin yake. Wasu ɗalibai biyu 'yan ƙasar Suwidin, Baltzar von Platen da Carl Munters, su ne suka ƙirƙiro shi a 1922, kamfanin Electrolux ya fara sayar da shi a 1925. A cikin bututunsa akwai ruwa da sinadarin amoniya da iskar haidurojin. Wutar gas ko ta kananzir tana dafa ruwan, amoniya ta rabu da shi ta tashi tururi, ta huce a bayan firjin ta koma ruwa-ruwa. Daga nan sai ta gangara cikin akwatin, ta haɗu da haidurojin ta sake zama tururi, tana zuƙe zafin abin da aka ajiye, kamar yadda randa ke sanyaya ruwa idan raɓar jikinta tana bushewa. Babu inji, babu ƙara.

Yawancin irin waɗannan firji suna kuma aiki da lantarki, sai dai a nan ne hasarar take. Lantarkin ba ya juya komai, wani ƙarfe kawai yake zafafawa a madadin harshen wuta, don haka yana shan wuta ninkin-ba-ninkin abin da firji mai kwamfiresa ke sha. Wanda ke da firjin gas, gara ya bar shi a kan gas ɗinsa.

To amma gas ɗin ma yana da nasa cikas. Dole firjin ya zauna daram, in ya karkace ruwan cikinsa ba zai zagaya ba. A bazara, lokacin da zafi ke haura digiri 40 a wannan yanki, ƙarfinsa raguwa yake yi. A sanyin hunturu kuma yana iya wuce gona da iri. Magungunan rigakafi suna buƙatar sanyi tsakanin digiri 2 zuwa 8, kuma wasunsu, kamar allurar ciwon hanta da ta Penta mai kare cututtuka biyar, lalacewa suke yi idan suka daskare. Ma'aikaci zai yi wa yaro allura, uwa ta koma gida da kwanciyar hankali, alhali ruwa ne marar amfani aka zuba. Ga kuma ɗawainiyar cika tukunyar gas daga gari mai nisa, musamman da damina. Ranar da tukunya ta ƙare, maganin yara masu yawa ne zai salwanta.

Wutar layi ba ta tsira ba. Ko firjin da aka kewaye cikinsa da ƙanƙara domin ya jure ɗaukewar wuta, yana buƙatar kimanin awa 8 na lantarki a kowace rana. Wataƙila babban asibiti a Gumel ya iya cika wannan sharaɗi da taimakon janareta, amma ƙaramin ɗakin shan magani a ƙauyen kan iyakar Nijar fa?

Saboda haka hanyar da ta fi dacewa ita ce lantarkin hasken rana, kuma irin firjin da ba ya amfani da batir. Da rana faranti yana juya kwamfiresa, a daskarar da ruwan da ke jikin bangon firjin. Wannan ƙanƙara ce ke riƙe sanyi da dare, har ma na 'yan kwanaki idan hadari ya rufe sama. Hukumar Lafiya ta Duniya ta fifita shi a kan na gas da kananzir, ƙungiyar Gavi mai tallafa wa rigakafi kuma tana taimaka wa ƙasashe wajen sayensa. Rana dai ba ta yi wa Jigawa rowa ba.

Sai dai sayen firji daban, riƙonsa daban. Ƙurar hunturu kan lulluɓe faranti ta rage masa ƙarfi, sai an riƙa goge shi. Dole kuma a duba ma'aunin zafi safe da yamma, a rubuta a takarda. Idan waya ta tsinke, bai kamata a yi makonni ana jiran makaniki daga Dutse ko Kano ba. Ya dace kowace ƙaramar hukuma ta horar da matasanta wannan gyara, malaman kimiyya kuma su riƙa neman izini suna kai ɗalibansu ɗakin shan magani mafi kusa, su ga firjin da takardar ma'auninsa da idonsu.