Kafin Ka Sa Wa Tsohuwar Jif Ɗinka Allon Android, Duba Fitilun Dashbod Tukuna

Duk wanda ke yawan duba TikTok ko Facebook ya san irin bidiyon da nake nufi. A nuna maka cikin tsohuwar Highlander ko Pathfinder da dashbod ya tsattsage, rediyon kaset ya mutu, kujeru sun koɗe. Kafin ka ƙifta ido sai ga ƙaton allon Android, ga fitilu masu sauya launi a ƙarƙashin kujeru, ga shimfiɗa mai gashi an lulluɓe dashbod da ita. Wannan yayi ya iso mana nan gabashin Sakkwato. Matashin da ya gaji jif ɗin mahaifinsa a Wurno, ko ya sayi 'yar Kwatano da kuɗin albasa a Goronyo, abin da ya fara tambaya shi ne nawa ake sa Android.

Ba na adawa da gyara cikin mota. Ra'ayina shi ne mun juya tsarin baibai. Allo ya kamata ya zama abu na ƙarshe da za ka saya, amma mun mai da shi na farko, har muna lalata abubuwan da ke kare ranmu domin a samar masa wuri.

Wani ɗan'uwana da ke zaune a Tursa, cikin ƙaramar hukumar Rabah, ya kai Highlander ɗinsa Sakkwato aka yi mata duk wannan kwalliyar a yini ɗaya. Ya dawo gida yara na biye da shi. Ya ajiye ta kwana biyu, ranar da aka tashe shi da asuba za a kai mara lafiya asibiti, ya murza makulli shiru. Batir ya mutu murus. Da muka kwance allon sai muka ga abin da mai wayarin ya yi. Rediyon mota yana da wayoyin wuta guda biyu: rawaya, wadda ke ɗauke da wuta kullum domin na'urar ta riƙe saitinta, da ja, wadda ba ta samun wuta sai an murza makulli. Shi sai ya murɗe su wuri guda ya naɗe da salatif, ya jona su da wutar dindindin. Allon yana yin duhu, amma cikinsa bai taɓa barci ba, yana ta zuƙar batir dare da rana. A ranar sai motar maƙwabci aka roƙa.

A Abuja ko Legas, mota ta ƙi tashi sai ka kira wata a waya. A yankinmu ba haka abin yake ba. Kowa ya san halin tsaron da ake ciki a hanyoyin Rabah, Goronyo da Sabon Birni, kowa ya san ana so a yi tafiya da rana a sauka da rana. Motar da ta tsaya maka tsakanin Achida da Goronyo da la'asar sakaliya ba batun kuɗin gyara kaɗai ta jawo maka ba. Shi ya sa duk abin da za ka ƙara wa cikin motarka, ka fara tambayar kanka: zai taimaka mini in isa gida, ko zai iya hana ni?

Fara da fitilun da ke bayan sitiyari

Wannan gwajin kyauta ne. Murza makulli zuwa inda fitilu ke kamawa, kada ka tayar da injin. Ya kamata ka ga fitilar injin, ta mai, ta batir, ta ABS, da ta jakar iskar kariya wadda ake rubuta wa SRS ko AIRBAG. Ta jakar iska takan kama na 'yan daƙiƙoƙi sannan ta mutu da kanta. Idan akwai wadda ba ta kama ba sam, kada ka yi murna. A kan cire ƙwan fitilar ko a liƙe ta da baƙin salatif domin mai saye kada ya ga matsala. Gyara wannan ya fi kowane allo muhimmanci.

Daga nan ka ɗauki wayarka. Idan motar daga Amurka ta fito, kwafi lambar VIN mai haruffa da lambobi 17 da ke ƙasan gilashin gaba ta ɓangaren direba, ka shigar da ita a shafin hukumar NHTSA ta Amurka. Zai nuna maka ko akwai gyaran da kamfani ya yi kira a kai ba a yi ba. Mafi girma shi ne na jakunkunan iska na kamfanin Takata, wanda ya shafi miliyoyin motoci, ciki har da tsofaffin Honda CR-V da Pilot da wasu Toyota RAV4. Sinadarin da ke cikinsu yana lalacewa saboda zafi da laima na shekaru, sai ya fashe ya watsa ƙarafa a fuskar mutum. Ka tuna irin zafin da motarka ke sha a nan.

Na'urar da ta fi allo amfani

Tun daga 1996, motocin da ake sayarwa a Amurka suna da wata kafa mai ramuka 16 a ƙarƙashin sitiyari, ana kiranta OBD-II. Motocin fetur na Turai sun bi sahu daga 2001. Akwai 'yar ƙaramar na'ura, ELM327, da ake cusawa a wannan kafa, ta haɗu da wayarka ta Bluetooth. Da manhaja irin Torque ko Car Scanner za ka ga ainihin zafin ruwan injin a lambobi, da ƙarfin cajin batir, da dalilin da ya sa fitilar injin ta kama. Kuɗinta bai kai kusa da na allo ba.

Amfaninta a nan a fili yake. Allurar zafi a motoci da yawa takan tsaya a tsakiya ko da zafi na ƙaruwa, ba ta motsawa sai abu ya yi nisa. A watan Afrilu, rana ta haura digiri 40, ka ɗauko buhunan albasa ko tafarnuwa a baya, ga yashi, ga AC a kunne. Idan kana ganin lamba tana hawa daga 90 tana haura 100 ba ta sauka, ka san lokacin tsayawa ya yi a duba lagireto da fanka, tun kafin gasket ya ƙone. Abu ɗaya: ka riƙa zare na'urar idan za ka ajiye mota, domin kafar tana da wuta ko an cire makulli. Wasu tsofaffin Land Cruiser da Prado da aka yi wa ƙasashen Larabawa kuma ba su amsa ta, sai ka gwada kafin ka biya.

Kwalliyar da ke cutarwa

Na fahimci dalilin shimfiɗar gashi. Dashbod ɗin tsofaffin Toyota da Lexus yana tsagewa ko ya yi danƙo a rana, har kamfanin ya yi shirin sauya wa masu wasu motocin a Amurka. Rufe shi ba laifi ba ne. Laifin shi ne liƙe shimfiɗar da gam a kan wurin da jakar iskar fasinja ke fitowa, sannan a ɗora kwalbar turare, akwatin tishu da mariƙin waya a kai. Jakar tana buɗewa cikin ƙasa da ƙiftawar ido, kuma duk abin da ke kanta zai koma harsashi. Haka rigar kujera: idan ka ga an rubuta AIRBAG a gefen kujerarka, gaya wa mai kushin kada ya ɗinke wurin da leda mai kauri.

Kafet ɗin ƙasa ma ba abin rainawa ba ne. A 2009 Toyota ta yi kiran motoci kusan miliyan 3.8 a Amurka saboda tabarmar ƙafar direba na iya danne totur. Mu kuwa sai mu ɗora ta roba a kan ta asali, ba ƙugiya ba komai. Guda ɗaya ta isa, kuma a maƙale ta.

Kyamarar gaban mota tana da amfani, amma ka nemi mai amfani da kafasita maimakon batirin litiyam, domin batirin yakan kumbura a bayan gilashin da ke shan ranar Sakkwato. Wayarka ma haka: kamfanin Apple ya ce a yi amfani da iPhone a yanayin da bai wuce digiri 35 ba. Manna ta a gilashi tana caji tana shan rana hanya ce ta kashe batirinta.

To, allon fa?

Masu son allo suna da hujja, kuma na yarda da ita. Kyamarar baya tana ceton yaran da ke wasa a lungu. Amsa kira ta Bluetooth ya fi riƙe waya a kunne. Taswira kuma tana da rana: a watan Satumbar 2021 gwamnati ta katse layukan sadarwa a ƙananan hukumomi 14 na jihar Sakkwato saboda tsaro, kuma ko yanzu akwai wuraren da sabis ke ɗaukewa. GPS ba ya buƙatar data, don haka wanda ya sauke taswira a Google Maps ko OsmAnd tun yana gari zai ci gaba da ganin inda yake. Amma taswira ba ta san wace hanya ce ke da lafiya yau ba. Wannan sai a tasha, a bakin direbobi.

Idan za ka saya, ga sharuɗɗana. Kada ka yarda da abin da aka rubuta a kwali. Sa manhajar AIDA64 ko CPU-Z a gaban mai shago ka duba, domin akwai allunan da ke ƙarya a kan girman RAM ɗinsu. Ka nemi soket ɗin da ya dace da motarka kai tsaye, kada a yanke waya ko ɗaya, kuma duk sabuwar wayar wuta ta bi ta fis. Ka tsaya a wurin har a gama, sannan a kashe mota a gabanka ka tabbatar allon ya mutu.

Sharaɗi mafi girma: kada ka sayi dogon allon nan irin na Tesla da ke haɗiye maɓallan AC. Maɓallin da za ka murɗa ba tare da ka kalla ba shi ne babbar ni'imar tsohuwar mota. A gudun kilomita 90 a awa, motarka na cin mita 25 kowace daƙiƙa. Daƙiƙa huɗu kana laluben fanka a allo, ka yi mita 100 a makance, a hanyar da ke da ramuka da amalanke da garken shanu. Ko a Turai an farga: hukumar gwajin motoci ta Euro NCAP ta sa maɓallan hannu na sigina, hon, waifa da fitilar gargaɗi cikin ma'aunin tantancewarta daga 2026. Su suna komawa inda tsohuwar jif ɗinka take, kai kana biyan kuɗi a raba ka da shi. Ranar da allon ya daskare a tsakiyar bazara kuma, AC ɗinka ya tafi da shi.

Ɗan'uwana bai cire allonsa ba. An gyara wayoyin, an sa fis, an yanke shimfiɗar gashin daga ɓangaren fasinja. Da muka yi gwajin makulli sai muka ga fitilar SRS ba ta kamawa, kuma shekara guda yana tuƙa iyalinsa a haka. Kuɗin da ya tanada don sababbin sifiku can suka tafi. Kai ma yau, kafin ka tura wa mai shago kuɗin Android, shiga motar, murza makulli, ka ƙirga fitilun.