Kada Ki Ƙwace Wayar 'Yarki

Yau maganata a kan 'ya'yanmu da ke jami'a ce, da wannan waya da ba ta barin hannunsu. A nan Gulma kuka biyu nake ji wurin iyaye mata. Wata ta ce 'yarta ta shagala da kallon waya, wata kuma ta ce kuɗin data ya cinye ribar gumin da take sayarwa. Kuka na biyu yana da dalili, domin a 2025 hukuma ta yarda kamfanonin waya su ƙara farashi da kashi 50 cikin ɗari. Amma duk wadda ta ce maganin abin a ƙwace wayar, ban goyi bayanta ba.

Tun 2015 a kwamfuta ake yin jarrabawar JAMB. Yarinyar da Allah Ya ba sa'a ta shiga Jami'ar Tarayya ta Birnin Kebbi, wadda aka kafa a 2013, ko ta Aliero, ko ta Usmanu Ɗanfodiyo a Sakkwato, ta intanet za ta yi rajista, ta biya kuɗin makaranta. Ko an ɗaga lacca, a WhatsApp 'yan ajinsu ke sanar da juna. Littafin da kuɗinsa ya fi ƙarfin mahaifinta, sau da yawa a wayar take samunsa. In kin ƙwace, kin rufe mata ɗakin karatu ke nan.

Abin da ke damuna daban ne. Malami ya ba da aiki, ɗaliba ta tambayi ChatGPT, ta kwashe amsar ɗungurungum ta miƙa, ko karantawa ba ta yi ba. Mu malamai mun san irin wannan rubutu. Turanci kamar daga Ingila, amma ki ce ta bayyana layi guda, sai ido ya raina fata. Haba jama'a! Ita ce fa gobe za ta sa farin kaya a asibitin Argungu, ta auna wa ɗanki magani.

To, uwa, ko ba ki yi boko ba, kina da ma'auni a hannunki. In ta zo hutu, ki zaunar da ita kan tabarma bayan sallar isha'i, ki ce ta gaya miki da Hausa abin da ta karanta yau a wayar nan. Wadda ta fahimta za ta warware miki shi dalla-dalla. Wadda ta wuni a TikTok kuwa sai kame-kame, kuma a ranar kina da damar hana kuɗin data.

Ku kuma 'yan makaranta, kada ku bari sai ranar JAMB hannunku zai fara taɓa kwamfuta. Ku kama yayyenku tun wannan hutun su koya muku.