Daga Teburin Akawu: Hakkin Makaɗanmu



Ran Lahadi da ta wuce na halarci sunan ɗan wani aminina a nan Sabon Zongo, Ankara. Da la'asar aka kafa rumfa, aka jera kujeru, mai lasifika, watau wanda samari ke kira dije, ya cika unguwa da amo. Ana cikin haka sai wutar lantarki ta ɗauke, wuri ya yi tsit. Can sai wani dattijo da ke raɓe a gefe tun azahar ya saɓa kalangunsa, ya matso gaban maigida, ya shiga kiran sunan ubansa da na kakansa, har ya kai ga kakan kakansa wanda ya taso daga Katsina da jakuna ya sauka Salaga fataucin goro. Wallahi na ga hawaye a idon aminin nan nawa, gama shi kansa bai san sunan wannan kakan ba sai ran nan.

To, ga abin da ya sa na ɗauki alƙalami. Ni aka ba riƙon lissafin bikin, tun da aikina ke nan. Mai lasifika an yi ciniki da shi mako guda kafin rana, an biya shi cif. Dattijon nan kuwa babu sunansa a takarda. Abin da aka liƙa masa da ƙyar ya wuce kuɗin tirotiro.

Mu tuna ko su wane ne mutanen nan. Bayan yaƙin basasar Salaga na 1892 kakanninmu suka watsu, waɗansu Kete Krachi, waɗansu Kumasi, waɗansu nan bakin teku, inda daga baya Malam Baƙo ya kafa unguwar nan fiye da shekara ɗari ke nan. A 1969, zamanin Busia, dokar korar baƙi ta sake raba gidaje da yawa. Malamai sun rubuta abin da suka rubuta, amma asalin talaka, wane ya haifi wane, daga wane gari, yawancinsa a bakin makaɗa da maroƙa ya tsira.

Sana'ar kuwa ba ta koyuwa dare ɗaya. Mai kalangu yana matse tsarkiya a hammata yana saki, muryar ganga ta hau ta sauka yadda harshenmu ke yi, har mai kunne ya ji sunansa a ciki. Mai goge sai ya nemi ƙwarya da fatar guza da gashin wutsiyar doki. Maƙwabtanmu Dagomba har gobe suna girmama masu lunga da masu gonje nasu, don su ne ma'ajiyar tarihin sarakunansu. Mu me ya same mu?

Kada samari su ce akawu ya tsufa. Ban ƙi sabon kiɗa ba. Yaran Nima da suka kafa VIP sun sa an ji Hausa a rediyon ƙasar nan, mun kuwa yi murna. Fage yana da faɗi, ya ishi kowa.

Shawarata uku ce. Ta fari, duk mai biki ya yi ciniki da makaɗa tun da wuri kamar yadda yake yi da mai rumfa, liƙi ya zama ƙari. Ta biyu, a kashe lasifika ko da sa'a guda a ba su fili. Ta uku, ina roƙon Sarkin Zongo da dattawa su sa samari masu waya su zauna da tsofaffin nan, su ɗauki kirarin kowane gida, a rubuta a ajiye. Ni na ɗauki nauyin bugawa kyauta.

Dattijon nan ya gaya mini 'ya'yansa huɗu babu wanda ya karɓi kalangu. Da na tambaye shi dalili, sai ya ce, "Malam Akawu, wa zai gaji yunwa?"

Haza wasalam. Sai fitowa ta gaba, in Allah ya kai mu.

Naku,
Akawu