Intabiyun mataimakin likitan haƙori: Tsafta ce za a fara dubawa

Yawancin matasan da aka kira intabiyun aikin mataimakin likitan haƙori sun fi damuwa da guge kaya da jera takardu. Duka suna da amfani, amma abin da likita ke son ji shi ne ko mai neman aikin zai iya kare marar lafiya daga kamuwa da wata cutar.

Kayan aikin haƙori kullum cikin jini da yawu suke. Idan aka yi sakaci, ƙarfen da aka cire wa wani haƙori da shi zai iya kai ciwon hanta nau'in B bakin wanda ke biye. Saboda haka wajibi ne mai shiri ya iya bayani daki-daki: a wanke kayan, a busar, a naɗe, sannan a sa a na'urar turarawa, a zafin digiri 121 na aƙalla minti 15. Ya kuma san cewa kowane marar lafiya da sabuwar safar hannunsa.

Sai iya magana. Yaron da ke kuka a kan kujera, ko dattijon da ya sha wahala hannun masu cire haƙori a kasuwa, mataimaki ne zai fara kwantar musu da hankali.

Idan aka yi tambayar da bai sani ba, gara ya faɗi gaskiya. Likita zai iya koya wa wanda bai sani ba, amma mai ɓoye kuskure haɗari ne ga kowa a asibitin.