Rumbun Wani, Gumin Namu

Ya ku 'yan'uwa ɗalibai da matasan ma'aikata, akwai wata sabuwar gayya da ake kiran samarinmu zuwa gare ta, kuma ya wajaba mu tambayi gonar wa za a nome tun kafin mu saɓa fartanya. Daga ɗakunan kwanan ɗalibai na Jami'ar Tarayya ta Dutsin-Ma da Kwalejin Ilimi ta Isa Kaita, har zuwa rumfunan cajin waya na Kurfi, zancen iri ɗaya ne: wai wani kamfani a ƙasar waje yana gina rumbun ajiye bayanai wanda ba shi da mai shi, yana neman jama'a su taya shi gwadawa, kuma duk wanda ya taya za a yi masa rabon sulallan kirifto ranar da abin ya "fashe". Ra'ayinmu a kan wannan al'amari a fili yake. Ilimin da ke cikin wannan rumbu abin nema ne ido rufe, amma matsayin da aka tanadar mana a cikinsa matsayin ɗan ƙodago ne, kuma ɗan ƙodagon da bai san ladansa ba sai bayan an tashi aiki.

Bari mu fara da ba kowa haƙƙinsa, domin dabarar kanta ba ta banza ba ce. A yau akasarin hotuna da takardu da wasiƙun mutanen duniya suna jibge ne a cikin manyan kwamfutocin 'yan kamfanoni ƙalilan, irin su Google da Amazon da Microsoft. In mai sito ya rufe ƙofa, ko ya ƙara kuɗin haya, ko gwamnatin ƙasarsa ta matsa masa, mai kaya ba shi da ta cewa. Sai wasu masana suka ce a koma tsarin rumbu, kowane gida da nasa. A ɗauki takarda a kulle ta da mabuɗin sirri, a gutsuttsura ta, a rarraba gutsattsarin ga kwamfutocin dubban mutane a ƙasashe dabam-dabam, a riƙa biyan kowa kuɗin ajiya. Tsarin Storj ya yi suna da raba abin ajiya gida 80, waɗanda 29 daga cikinsu sun isa a maido da shi cif. A tsarin Filecoin kuwa, dole mai ajiya ya kafa jingina, kuma kowace rana ya kawo hujjar lissafi cewa kayan suna nan a hannunsa. In ya gaza, a zabtare jinginarsa. Bahaushen da ya san hikimar rarraba hatsi a rumbuna saboda gobara da gara ba zai raina wannan tunani ba.

To, kafin a buɗe irin wannan rumbu a zuba masa dukiyar mutane, sai an gwada shi, kuma a nan ne maganar lada ta shigo. Misalin da ya fi shahara shi ne na Filecoin, wanda kamfanin Protocol Labs na Amurka ya ƙirƙira, bayan ya tara fiye da dala miliyan 200 a 2017. A watan Agusta 2020 ya buɗe gasar gwaji ta mako uku mai suna Space Race, ya sa ladan da ya kai sulallan FIL miliyan huɗu, sannan ya buɗe rumbun na gaske ranar 15 ga Oktoba 2020. Tun daga nan wannan ta zama al'ada: duk mai sabon tsari sai ya kira gayya, ya ce ku zo ku gwada, akwai rabo a gaba.

Tambaya ta farko ita ce, wa ke iya shiga gwajin na ainihi? Mai ajiya a Filecoin yana bukatar kwamfuta mai ƙarfin gaske da tarin fayafayan ajiya waɗanda kuɗinsu ya fi ƙarfin albashin ƙaramin ma'aikaci na shekaru. Ko tsarin da ya fi sauƙi, irin Storj, yana son na'urarka ta kasance a kunne, a haɗe da intanet, sama da kashi 99 cikin ɗari na kowane wata. Ku yi lissafin da kanku: kashi ɗaya cikin ɗari na wata bai cika awa takwas ba. Wane gida ne a Kurfi ko Dutsin-Ma wutar lantarkinsa ba ta ɗaukewa awa takwas a wata? A watan Oktoba 2024, da manyan layukan da ke kawo wuta suka lalace, Arewa ta yi kwanaki a jere cikin duhu. A watan Satumba 2021 kuwa, saboda ta'asar 'yan bindiga, an katse layukan waya a ƙananan hukumomi 13 na Jihar Katsina, har da Dutsin-Ma da Kurfi, ba a maido ba sai a watan Disamba. Wata uku ke nan wanda duk mai ajiya a garuruwan nan biyu da ya yi asarar matsayinsa da jinginarsa, ba da laifinsa ba. Rumbun da aka ce ba shi da mai shi, ashe ƙofar shigarsa tana rataye a jikin ƙarfen sabis guda, wanda umarni ɗaya ya isa ya kashe shi.

Saboda haka abin da ya rage mana shi ne ƙaramin aiki: buɗe asusu, danna nan, bi shafinsu, gayyato abokai goma, dawo gobe ka sake dannawa. Wannan ba gwajin rumbu ba ne, taron 'yan kallo ne da kamfani ke bukata domin ya nuna wa masu zuba jari cewa yana da jama'a. Kai ne adadin da ake kai wa masu kuɗi a kan faranti. Kai ka sayi data, wadda hukumar sadarwa ta amince a ƙara wa kuɗinta kashi 50 cikin ɗari a watan Janairu 2025. Kai ka biya kuɗin caji. Kai ka ba da daren da ya kamata ka yi bitar karatu. Kai ka jawo ƙannenka da abokan ajinka da mutuncinka. Shi kuwa mai gayya bai rubuta maka ko nawa zai biya ba, bai faɗi ranar biya ba, kuma sulallan da zai biya ka da su shi ke buga abinsa. Kura da shan bugu, gardi da karɓar kuɗi. Mun ga ƙarshen irin wannan a wasan Hamster Kombat, wanda ya yi iƙirarin masu dannawa miliyan 300: da ranar rabo ta zo, 26 ga Satumba 2024, ɗimbin waɗanda suka yi watanni suna gurzar fuskar waya sun tashi da abin da bai biya kuɗin datarsu ba. Kakanninmu sun noma gyaɗar da aka yi dala da ita a Kano, farashinta kuwa wasu ne can suke yankawa. Shin jikokinsu masu digiri za su maimaita wannan da yatsa?

Tambaya ta biyu ta fi ta farko nauyi, domin ta shafi gaskiyar gwajin kansa. Duk lokacin da aka ɗora lada a kan ma'auni, ma'aunin ya lalace. A 1902 Faransawa masu mulkin mallaka a birnin Hanoi suka sa lada a kan kowace wutsiyar ɓera. Ba a daɗe ba aka fara ganin ɓeraye gundul-gundul suna yawo a gari, wasu mutane ma suka shiga kiwonsu. Haka ta faru a gasar Filecoin: ana ba da lada ne gwargwadon girman wurin da mutum ya cike, sai akasarin wurin aka cike shi da shara, ba da takardun kowa ba, har daga baya masu tsarin suka fito da dabarar ninka nauyin ajiyar da aka tantance sau goma domin jawo bayanai masu amfani. Haka kuma a ƙananan gwaje-gwaje, mutum ɗaya yakan buɗe asusu ɗari ya zama jama'a shi kaɗai. Abin da aka auna a nan kwaɗayi ne, kuma ranar da lada ya ƙare gayya ta watse. Mu mutanen Dutsin-Ma ba ma bukatar a koya mana bambancin girman ma'aji da amfaninsa. An kammala madatsar ruwa ta Zobe a 1983, amma sai a 2021 aka ƙaddamar da aikin ruwan sha daga cikinta. Ruwa na kwance shekara da shekaru, mata da yara na layi a bakin rijiya.

Mun san abin da za a ce mana. Za a ce babu aikin yi, kuma wasu sun samu kuɗi na gaske a rabon Notcoin a watan Mayu 2024. Gaskiya ne, kuma ba ma zargin saurayin da yunwa ta kora. Amma don wani ya tsinci dami a kala, ba a barin noma a koma kala. Za a kuma ce wannan ba damfara ba ce irin MMM da ta durƙushe a Disamba 2016 ko CBEX da ta rufta da kuɗin mutane a Afrilu 2025, tunda ba a ce ka sa kuɗi ba. Mun yarda akwai bambanci, kuma ba mu kira masu gina rumbun gaske 'yan damfara ba. Sai dai wanda ya ci lokacinka bai bar ka da komai ba, domin lokacin ɗalibi shi ne jarinsa, kuma ba a mayar da zangon karatun da ya wuce. Ban da haka, a inuwar kowane gwaji na gaskiya akwai shafukan bogi da ke jiran ka miƙa kalmomin sirrin asusunka ko hoton katin shaidarka.

Abin takaici shi ne muna gadin rumbun wasu alhali namu a buɗe yake. Takardun filaye da gonaki, bayanan haihuwa, sakamakon jarrabawa, kundayen binciken ɗalibai, da littattafan malamanmu na zaure a ƙasar da ta haifi Ɗan Marina da Ɗan Masani, da yawansu kwafi ɗaya ne tak, a kabad ɗaya, ƙarƙashin rufi ɗaya. Ku tuna Tambutu. A Janairu 2013 an ƙone dubban rubuce-rubuce a Cibiyar Ahmad Baba, amma mafi yawan taskar garin ta tsira, domin tana warwatse a gidajen iyalai, waɗanda suka ɓoye ta a akwatuna suka fitar da ita zuwa Bamako a mota da kwalekwale. Ga rumbun da ba shi da mai shi guda, ga gwaji mafi tsanani, kuma ya ci. Abin da ya riƙe shi kuwa shi ne masu ajiyar sun san kayan nasu ne.

Don haka muna kira da abubuwa uku. Na farko, duk mai son shiga irin wannan gwaji ya nemi a nuna masa sharuɗɗan lada a rubuce, ya san sunayen masu tsarin, kuma kada ya biya ko kwabo, kada ya ba da kalmomin sirrinsa. Na biyu, ɗaliban kimiyyar kwamfuta da lissafi su shiga ta ƙofar da ta dace da su: lambobin waɗannan tsare-tsare a buɗe suke ga kowa, a karanta su, a kafa su, a gano kurakuransu a rubuta rahoto. Wannan shi ne gwajin da ke barin abu a ƙwaƙwalwa ko da sulalla ta faɗi warwas. Na uku, ƙungiyar ɗalibai ta nemi hukumomin jami'a da kwaleji da ƙananan hukumomin Dutsin-Ma da Kurfi su haɗa hannu a kafa ƙaramin rumbu namu: 'yan kwamfutoci masu aiki da hasken rana a wurare huɗu ko biyar, kowace na riƙe da kwafin abin da ke cikin 'yar'uwarta, a fara da kundayen bincike da littattafan da masu su suka yarda, tare da kiyaye dokar kare bayanan jama'a ta 2023. A gwada shi da damina da rani, da wuta da babu wuta, da sabis da babu sabis. In za a ba da lada, a ba wanda ya gano ɓaraka.

Gayya a ƙasar Hausa tana da ƙa'ida: yau a gonata, gobe a taka. Duk mai kiran mu gayya, mu tambaye shi ranar da za a zo tamu gonar. In ba shi da amsa, mu yi masa fatan alheri, mu koma bakin aikinmu. Allah ya sa mu gane.