A Bar Mai Gyara Ya Kwance Na'urarsa

Tun da labarin zinaren Djado na Nijar ya bazu a 2014, na'urar gano ƙarfe ta shiga mafarkin samarinmu. Wani yayana a Maiyama ya sayar da albasarsa ta shekara guda ya sayi ɗaya. Da ya kai ta daji, sai ta riƙa kuka a kan kowace marmara. Wani mai gyaran rediyo a Jega ne ya kwance ta, ya canza ƙananan kayan cikinta, ya sake daidaita ta, ta natsu. Abokan karatuna suka ce wannan ɓarna ce, wai wanda bai shiga aji ba bai isa ya taɓa aikin Turawa ba. Ban yarda ba.

Na'urar ba tsafi ba ce. Waya ce aka naɗe cikin faifai, tana aika ƙarfin maganaɗisu cikin ƙasa. Idan ya tarar da ƙarfe, sai amsa ta dawo, na'ura ta yi ƙara. Jar ƙasarmu cike take da sinadarin baƙin ƙarfe, shi ke ruɗa ta. Wanda ya daidaita ta da ƙasar da za ta yi aiki a kai, injiniyanci ya yi, ko da a zauren gidansu ne.

Masu suka suna da hujja guda mai ƙarfi: akwai 'yan damfara da ke ƙara wa na'ura ji har ta riƙa ihu banza, su ce tana jin zinare. Gaskiya ne, domin hatta mai tsada takan kasa bambance zinare da guntun gorar ruwa ta alminiyam. Sai dai jahilcin mai saye ne jarin ɗan damfara, kuma hana kwance na'ura ƙara jahilcin yake yi.

Tun 2006 Aliero take da jami'ar kimiyya da fasaha. Garin da ya yi suna da ɗorin ƙashi ya san darajar ilimin hannu. Me zai hana ɗakunan gwajinta su buɗe wa masu gyara ƙofa, su koyi lissafin abin da hannunsu ya riga ya sani, mu kuma mu koyi riƙe ƙarfen narka dalma? A nan ne kuma za a gaya wa mai haƙa abin da na'ura ba za ta faɗa masa ba: gubar dalma da ta kashe yara sama da 400 a Zamfara a 2010 daga dutsen zinare ta fito.

Ni da digirina na kasa gyara na'urar yayana. Wanda ya gyara ta malamina ne.