Ojukwu: Kura Da Shan Bugu, Gardi Da Karɓar Kuɗi

Jama'a, har yau in an ambaci Odumegwu Ojukwu sai hayaniya ta tashi, waɗansu su ce jarumi ne, waɗansu su ce ɗan tawaye. Mu tambayarmu guda ce: da aka yi rigimar, wa ya biya?

A Zungeru aka haife shi a 1933. Ubansa, Sir Louis, mai motocin sufuri ne, yana cikin manyan attajiran ƙasar nan. Yaro ya yi karatu a Oxford ta Ingila, ya shiga soja a 1957. Da aka yi juyin mulkin Janairun 1966 shi ne kwamandan Bataliya ta 5 a Kano, ya kuwa ƙi bin Nzeogwu. Wannan mun yaba. Daga nan Ironsi ya naɗa shi Gwamnan Jihar Gabas.

To, kada mu yi tuya mu manta da albasa. A cikin 1966 an kashe dubban Ibo a garuruwan Arewa, har da Sabon Garin Kano. Su wane ne? 'Yan tireda, teloli, kafintoci, ma'aikatan reluwe, mutanen da rumfarsu ke jikin tamu. Ba su suka harbi Sardauna ba. Abin kunya ne, ba kuwa za mu ɓoye shi ba. Bayan kisan watan Mayu, Ojukwu da bakinsa ya ce wa waɗanda suka gudu su koma Arewa. Suka koma, aka yi musu wanda ya fi na farko muni a Satumba da Oktoba. Hausawan da ke Gabas su ma waɗansu sun rasa rayukansu, saura aka sallamo su.

Wanda aka yi wa haka yana da hakkin fushi. Amma shugaba ba da fushi kaɗai yake jan jama'a ba. Sasantawar Aburi ta rushe, ran 30 ga Mayu 1967 ya yi shelar Biyafara, ya haɗa da Ijaw da Efik da Ibibio, alhali da yawansu ba su nema ba. Kafin ƙarshen 1968 Inugu ta faɗi, Fatakwal ta faɗi, hanyar teku ta toshe. Duk mai ido ya ga inda aka dosa. Gwamnatin Gowon ta tsare abinci, wannan alhakinta ne. Shi kuma ya ƙi yarda a shigo da abincin ta ƙasa, wai kada a sa guba, ya nace sai jiragen dare ta filin Uli, inda makamai ma ke sauka. Manya suna ta gardama a Kampala da Yamai da Adis Ababa, yara suna kumbura suna mutuwa. Masu ƙiyasi da yawa sun ce mamatan sun kai miliyan 1 ko fiye, akasarinsu yunwa ce ta ci su.

Da tura ta kai bango a Janairun 1970, sai gogan ya hau jirgin sama zuwa Kwaddebuwa, wai ya tafi neman sulhu. Philip Effiong ya bar wa aikin miƙa wuya.

Ga inda ya shafe ku, 'yan kasuwa. Bayan yaƙi, wanda ya taɓa ajiyarsa ta banki a zamanin Biyafara fam 20 aka ba shi, kome yawan abin da ya tara. Fam 20! Da shi za a sake jari, a ciyar da marayu.

Shi fa? Shagari ya yafe masa a 1982, ya dawo aka tarye shi da kiɗa, ya shige NPN mai mulki, ya nemi kujerar Majalisar Dattijai a 1983 ya faɗi. I, ya ɗanɗani kurkukun Kirikiri a 1984. Ya fito, ya nemi shugabancin ƙasar da ya yaƙa har sau biyu, 2003 da 2007. Ya mutu a Landan a 2011, aka lulluɓe akwatinsa da tutar Nijeriya, soja suka yi masa fareti, Shugaba Jonathan ya je Nnewi jana'iza.

Yaran da suka mutu a sansanonin gudun hijira kuwa, ko cikakken lissafinsu ba a yi ba.